Kalmomin da suka yi kama a harsuna daban-daban: tambayoyi da amsoshi

Jama'a assalamu alaikum. Tambayoyin nan na tattaro su ne saboda duk ranar da aka ɗauko zancen harshe sai ka ji wani ya kawo kalma biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can bangon duniya, ya ce to ga shi sun yi kama, ashe tushenmu ɗaya da mutanen nan. Wani lokacin da gaskiyarsa, wani lokacin kuma kama da wane ce kawai, wadda aka ce ba ta wane. Ni abin yana raina sosai, don tarihin kalmomi na gaskiya ya fi na shaci-faɗi daɗi nesa ba kusa ba.

Wai me ke sa kalma ta yi kama da ta wani harshe da ko iyaka ba su haɗa ba?

Hanya huɗu ce. Akwai gado, wato harsunan biyu kakansu ɗaya, kowa ya taso da kalmar tun daga gida. Akwai aro, wannan ya karɓa daga wancan ko kuma dukansu sun karɓa daga wani na uku. Akwai kalmomin da bakin ɗan Adam ne ke ƙera su iri ɗaya a ko'ina, irin na jarirai da na kwaikwayon kukan dabbobi. Sai ta huɗun wadda mutane ba sa son ji, ita ce dace, arashi kawai aka yi, babu wata alaƙa. Kunne shi kaɗai ba ya iya rarrabe su, shi ya sa gardama ba ta ƙarewa.

Na ji Baturke yana cewa haber, mai Suwahili yana cewa habari, duk suna nufin labari. Ya aka yi haka?

Wannan aro ne tsantsa, kuma daga rijiya ɗaya kowa ya ɗebo. Larabci ke da khabar, sai Turkanci ya mai da ita haber, Suwahili habari, mutanen Indonesiya kabar, Indiyanci khabar. Mu kuma muka ɗauko ta har da al ɗin da ke gabanta, al-khabar ta koma labari. Haka lokaci daga al-waƙt, haka lafiya daga al-afiya wadda Suwahili ke cewa afya, Yarabawa alafia. Duniya ma kusan ba ta canza kaya ba tun daga nan har Jakarta.

Wanda ya fi burge ni shi ne littafi. Al-kitab ce, muka riƙe l ɗin, k ta narke cikin t, b ta koma f, har ta zama idan ba a faɗa maka ba ba za ka taɓa gane ta ba. Masu Suwahili su kuma suka ce kitabu, to su a harshensu kalma in ta fara da ki jam'inta da vi yake farawa, kiti kujera viti kujeru, saboda haka sai suka ɗauka ki ɗin kitabu irin nasu ne, jam'in ya zama vitabu. Ka ga yadda kowane harshe ke yi wa baƙuwar kalma ɗinki daidai jikinsa.

Kuma aro ba lallai ya zo kai tsaye ba. Kasuwa asalinta suƙ ce ta Larabci amma sai da ta biyo ta Barebari suka ce kasugu kafin ta iso. Alƙalami mun karɓa daga Larabawa, su kuma daga kalamos ta Girkanci, wato kara. Takarda ta ratso Sahara ta bakin Buzaye, tushenta charta ce ta Latin, wadda ita ce dai ta haifi card ta Ingilishi da muka sake ara muka ce kati. Wato takarda da kati 'yan gida ɗaya ne, ɗaya ta zo a kan raƙumi ɗaya ta zo ta jirgin ruwa, tsakaninsu ɗaruruwan shekaru.

Shayi ba daga sha aka samo shi ba?

A'a wallahi, duk da ya zauna daram kamar namu. Daga Sin kalmar ta taso, cha, ta biyo hanyar fatake ta ƙasa ta zama chay a Farisanci da Rashanci da Turkanci, shay a Larabci, sannan shayi. A gaɓar tekun lardin Fujian na Sin kuma te suke cewa, to 'yan kasuwar Holan da su suka yi ciniki, shi ya sa yawancin Turai ta yamma ke cewa tea ko thé ko Tee. Fotugal ce ta fita daban da chá saboda su ta Makawo suka bi. In ka duba taswira za ka iya gane ta inda ganyen ya shiga ƙasa daga sunan da suke kiransa kawai.

To tunda kalmomin Larabci sun yi yawa haka, ashe Hausa daga Larabci ta fito ke nan?

Nan ne ake cakuɗa abu biyu, dan Allah a bi ni a hankali. Hausa ba 'yar Larabci ba ce, amma kuma ba bare ba ce a wajensa, dangi ne na nesa. Hausa tana cikin harsunan Cadi, su kimanin 150 ko fiye, irin su Bole da Ngizim da Angas da Margi. Su kuma harsunan Cadi reshe ne na wata babbar bishiya da ake kira Afro-Asiya, wadda Larabci da Ibrananci da Amharik da harsunan Buzaye da Somaliyanci da tsohon harshen Misira na zamanin Fir'auna duk suke jikinta. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, shi ya daidaita wannan rabon a shekarun 1950 ya kuma fitar da shi cikakke a 1963.

Saboda haka kamannin Hausa da Larabci hawa biyu ne. Na sama shi ne aro, wanda ya shigo da addini da karatu da fatauci, kamar ashirin da talatin har zuwa casa'in, alhali tsofaffi na da gomiya biyu da gomiya uku suke cewa. Na ƙasa kuwa gado ne tun kafin a san wani abu wai shi rubutu. Mutu ba aro ba ce daga mata ko maut na Larabci, don tsohon harshen Misira ma m-w-t yake rubutawa, Ibrananci mot, harsunan Cadi da yawa da ba su taɓa hulɗa da Balarabe ba suna da ita. Harshe, wanda a Hausar yamma ake cewa halshe, in ka cire ha ɗin farko za ka ga l da s ɗin lisan ta Larabci, Buzaye da danginsu iles suke cewa. Kalmar suna da ism ta Larabci da shem ta Ibrananci ma haka. Huɗu, ko fuɗu a wani bakin, ga f-d-w a Misira ta da.

Abin da ya fi kalmomi ƙarfi ma shi ne nahawu, don shi ba a cika aronsa ba. Littafinka littafinki, a Larabci kitabuka kitabuki. Ta ɗin da ke nuna mace ma akwai ta a duka biyun. Ma da ake sakawa a gaba a samu wuri ko kayan aiki ko mai aiki, makaranta, maɗinki, mabuɗi, ga maktab ga miftah, har ma'anar mabuɗi da miftah ɗin ginin iri ɗaya ne, abin buɗewa. Irin wannan ba a kasuwa ake tsintarsa ba.

Japananci fa? Ni in na ji sunayensu sai in ji kamar Hausa ake yi.

Ba kai kaɗai ba ne malam. Ido a wajensu rijiya ce, hana fure ne ko hanci, kare shi ne "shi" na namiji, yama dutse, mata kuma "kuma" take nufi. Amma babu dangantaka ko ta sisin kwabo. Abin da ya faru shi ne harsunan biyu suna son gaɓa mai sauƙi, baƙi ɗaya wasali ɗaya, ka-ta-na, ta-ka-ra, kuma kowanne wasulansa biyar ne, a e i o u.

Yi lissafin da kanka. A ce baƙaƙe 20 wasula 5, gaɓoɓi 100 ke nan, in kalma mai gaɓa biyu ce to 100 sau 100, siffofi 10,000 kacal za a iya ƙerawa. Kowane harshe kuma yana da dubban kalmomi da zai zuba a cikin waɗannan gurabun, sannan harsunan duniya wajen 7,000 ne. To yaya za a yi ba a yi karo ba? Da a ce ba a samu kama ba shi ne ma abin mamaki. Dubi mata ɗin nan dai, a Malay ido ce, a Indiyanci uwa, a Sifaniyanci yana kashewa. Kalmar kai ma haka, a Girkanci "da" ce, a harshen Hawayi teku, a Mawori abinci. Gida in ka gan ta a rubuce a Turkiyya, gıda, abinci ake nufi.

Na yarda in ma'ana ta bambanta. Amma in sauti ɗaya ne ma'ana ma ɗaya fa, shi ma dace ne?

Yana iya zama, kuma misalan suna da ban mamaki. Bad a Ingilishi marar kyau, bad a Farisanci marar kyau, ga shi harsunan ma dangin juna ne, amma da aka koma tsofaffin rubuce-rubuce sai aka tarar ta Farisanci da can wad ce, hanyarsu daban, a ƙarshe ne suka haɗu. Akwai wani harshen 'yan asalin Ostireliya, Mbabaram, da masani Dixon ya je nazarinsa ya tambayi sunan kare aka ce masa dog, sak irin ta Ingilishi. Kowa zai ce aro ne ai. To maƙwabtansu gudaga suke cewa, su kuma Mbabaram sun saba yar da gaɓar farko da wasalin ƙarshe a kalmominsu, gudaga ta zaizaye har ta zama dog ba tare da ta taɓa jin Turanci ba.

Wanda ya fi yawo a intanet shi ne wai arigato ta Japan daga obrigado ta Fotugal take, tunda duk godiya ce. 'Yan Fotugal a 1543 suka fara sauka Japan, ita kuwa arigatashi tana cikin rubutun Japanawa ɗaruruwan shekaru kafin nan, ma'anarta abin da samunsa ke da wuya. Sun dai ari wasu kalmomin da gaske daga Fotugal, irin su pan da tabako, amma ban da wannan. Haka mata ta Malay da mati ta Girkancin yau, duka ido, ba su san juna ba.

To su masanan da me suke ganewa, in ba kunne ba?

Da tsari. Sauti in zai canza a harshe ba kalma ɗaya yake kamawa ba, duk inda ya samu irin wannan muhallin sai ya canza. Mu ma muna da shi, zamna ta koma zauna, sabka ta koma sauka, abduga auduga, talaka amma talauci. Irin waɗannan baƙaƙen, m da b da k, su ne suka narke suka zama u a ƙarshen gaɓa, har dokar tana da suna, ta Klingenheben, wani Bajamushe da ya fara bayyana ta.

A 1786 wani alƙalin Ingila a Kalkata, William Jones, ya tsaya gaban taro ya ce Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin sun yi kamar da ba za ta yiwu a ce dace ba ce, dole daga tushe ɗaya suke. A 1822 Jacob Grimm ya shimfiɗa ƙa'idar. Duk inda Latin ke da p a farko Ingilishi f yake da ita, pater father, piscis fish, ped foot. Inda Latin ke da sautin k Ingilishi h, cornu horn, centum hundred, cord heart. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, jeri guda. Da wannan ma'aunin ne aka kama habere ta Latin da haben ta Jamusanci, duka mallaka suke nufi, kamar tagwaye, amma ƙa'ida ta ce h ta Jamusanci da k ta Latin take tafiya, saboda haka 'yar'uwar haben ta gaskiya ita ce capere, kamawa.

Sannan abin ya kan juya, 'yan'uwa na jini su ƙi yin kama ko kaɗan. Wheel ta Ingilishi da chakra ta Sanskirit kalma ɗaya ce a asali. Erku ta Armeniyanci da duo ta Latin, biyu ke nan, ɗaya ne. Aqua ta Latin ta tsufa a bakin Faransawa har ba abin da ya rage sai sautin o. Yawanci ma in harsuna sun daɗe da rabuwa kuma ka ga kalma ta yi kama fiye da kima, to zargi ya kamata ka fara yi, ko aro ko dace.

Mama da baba fa, da kusan duk duniya ke faɗa?

Wannan daga bakin jariri ne. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rufe leɓe ya buɗe, ma ma, ba ba, pa pa, sai da da da na na in harshe ya fara motsi. Shi wasa yake da bakinsa, iyaye ne ke murna su ce ai ni yake kira. Shi ya sa Sinanci ke da mama da baba, Suwahili ma haka, Turkanci baba. Masanin harshe Roman Jakobson ya yi rubutu a kan haka tun 1960. Hujjar cewa ba gado ba ne ita ce rabon ba ya tafiya iri ɗaya, a harshen Jojiya mama uba ne deda ce uwa, a Rashanci baba tsohuwa ce, a tsohon Japananci papa uwa ce. Kaka a wajenmu mahaifin iyaye, a Suwahili yaya namiji, a Indiya ƙanin uba.

A darasin kimiyya an koya mana alkali, mu kuma muna da alƙali. Akwai haɗi?

Dukansu daga Larabci suke amma ba kalma ɗaya ba ce. Alƙalinmu al-ƙadi ne mai shari'a, kuma ɗan'uwansa yana Sifen, alcalde, shugaban gari, tun zamanin Andalus. Na kimiyya kuwa al-ƙali ne, tokar wani tsiro da ake ƙonawa a yi sabulu da ita. In an rubuta ba ƙugiya sai su zama ɗaya a ido.

Irin waɗannan su Faransawa suka raɗa wa suna abokan ƙarya tun 1928, kuma su ne ke kunyata mai koyon harshe. Malam daga mu'allim yake, Suwahili mwalimu, amma a Indonesiya malam dare ne, in an ce selamat malam barka da dare ake yi maka. Burro a Sifen jaki, a Italiya man shanu. Gift a Ingilishi kyauta, a Jamusanci guba, kuma abin tausayin asalinsu ɗaya ne, abin da aka bayar, Jamusawa suka riƙa amfani da ita wajen magani da ake ba mutum har ta gangara ta tsaya a kan guba. Safar ta Larabci tafiya ce, ta bi ta Suwahili ta shiga Ingilishi a matsayin safari yawon kallon namun daji, a wajenmu ta zama safara, fatauci, yanzu ma in ka ji safara a labarai sai gabanka ya faɗi don an fi haɗa ta da ƙwayoyi da mutane. Ƙamus teku ce a da, daga okeanos ta Girkanci, sai da Fairuzabadi wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15 ya sa wa littafinsa na kalmomi suna Alƙamusul Muhiɗ, ya shahara har sunan ya bi duk wani littafi irinsa.

Dare, safe, take, sake, mace, sun, duk akwai su a Turanci.

A takarda kawai. Furta su ka ji. Haruffan ne aka yi tarayya, kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa ko a cikin Hausa fari na launi da fari na rashin ruwa suke fita iri ɗaya.

Gaskiya ne boko daga book aka samo ta?

An daɗe ana faɗa, har a littattafai, amma Paul Newman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin Hausa, ya warware zancen a 2013. Boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus, abin da ba na gaske ba, abin da aka yi don a rufe ido, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anonin. Da Turawa suka zo da karatunsu sai mutane suka kira shi da sunan da suke ganin ya dace da shi a lokacin. Ta fuskar sauti ma ba ta hau ba, wasalin book u ne a kunnenmu, ba abin da zai mai da shi o mai tsawo har biyu. Ga littafi kuma muna da shi tun tuni.

Akwai wanda ya ce min duk harsunan duniya daga nasu suka fito, har ya kawo misalai sun fi ɗari.

Ba shi ne farau ba. A 1569 wani likita a Antwerp ta ƙasar Beljiyam ta yau, Goropius Becanus, ya wallafa ƙaton littafi yana cewa harshen garinsu ne aka yi a gidan Aljanna, ya dinga yanka sunaye gunduwa-gunduwa yana fassara su da yarensu. A Turkiyya ma a shekarun 1930 an koyar da cewa Turkanci ne uwar harsuna, daga baya aka watsar. Duk wanda ya ba kansa izinin ya cire harafi nan ya ƙara can, ya kuma ja ma'ana kamar roba, zai iya fitar da kowane harshe daga kowane harshe. Misali ɗari marasa tsari ba su kai goma masu bin ƙa'ida ɗaya ba. Ina ganin son harshen uwa ne ke kawo haka kuma son abu ne mai kyau, sai dai harshe ba ya buƙatar a ƙaga masa asali kafin ya yi daraja.

In na ci karo da kalma biyu masu kama, ta ina zan fara?

Fara da neman tsohuwar siffar kowacce, yadda ake faɗinta shekaru ɗaruruwa baya ko a wasu karuruwan harshen, don sau da yawa nan take kamar ke wajewa. Sai ka tambaya ko mutanen sun taɓa haɗuwa, ta ciniki ko addini ko mulki, kuma yaushe. Duba irin kalmar, in sunan kaya ne ko ilimi ko sarauta aro ya fi kusa, in kuwa ido ce ko ƙashi ko mutuwa ko ɗaya biyu uku to ana iya zancen gado. Sannan ka nemi wasu kalmomin da suka bi irin wannan canjin sautin.

Gwada da sifiri da zero, waɗanda ba su yi kama sosai ba. Sifr a Larabci wofi ne, fassarar shunya ta Indiyawa waɗanda suka fara lissafi da shi. A 1202 Fibonacci ɗan Italiya, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya, ya rubuta ta da Latin zephirum, Italiyawa suka ce zefiro, ta gajarce ta zama zero. Ta wata ƙofar kuma sifr ɗin dai ta shiga Faransanci a matsayin chiffre, Jamusanci Ziffer, duka suna nufin lamba, Ingilishi kuma cipher, rubutun sirri.